Shekara Uku Ina Buga wa Sifiri Hatimi

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da Madam Rahila ta ƙi karɓar sifiri daga hannuna ba. Cikin watan Mayu ne, ana tsakiyar zafin Damagaram, irin wanda in ka dafa dutse a Birni sai ka janye hannu da sauri. Ku da kuka shigo aikin ɗakin karatu a baya-bayan nan kun sha jin ana kirana Baba Sifiri, na kuma san wasunku suna tsammani saboda sanƙon kaina ne. To ba shi ba ne. Bari in ba ku labarin da bakina kafin wani ya ba ku shi da ƙarin gishiri.

A lokacin ni ne mai kula da ɗakin karatu na wata makarantar koyon aikin lafiya a nan Zinder. Ni kaɗai ne a wurin. Ni ne shugaba, ni ne mai shara, ni ne mai korar ƙadangaru daga bayan kanta. Muna da ordinatar, wato kwamfuta, guda huɗu, uku suna aiki, ta huɗun muna ɗora mata tulun ruwa. Amma muna da abu ɗaya mai daraja: makarantar ta yi rajista da wani rumbun bincike na intanet, wanda a bakin aiki muke kira baz. A cikinsa aka tara bayanan maƙalolin da likitoci da masu bincike na duniya suka wallafa a mujallu, kowace da takenta da sunan marubucinta da taƙaitaccen abin da ta ƙunsa.

Ga waɗanda ba na gida ba, dole in yi ɗan bayani. Baz ba ta jin magana irin ta mutane. Kalmomi ake ba ta, biyu ko uku, waɗanda su ne ƙashin bayan abin da ake nema, sai a haɗa su da wasu ƙananan kalmomi uku. A na'urar da Faransanci ko Turanci ake rubuta su, amma ni da Hausa nake koya wa ɗalibai. In ka sa DA tsakanin kalma biyu, takardun da ke ɗauke da dukansu biyu kawai za ta kawo, sai sakamako ya ragu. In ka sa KO, za ta kawo duk wadda ke da ɗaya daga ciki, sai ya ƙaru. In ka sa BANDA, za ta fitar da duk takardar da kalmar ke cikinta. In kuwa ka jera kalmomi ba ka sa komai a tsakaninsu ba, ita da kanta take ɗauka DA kake nufi. Kamar ka je kasuwar dabbobi ne ka ce kana son akuya, ga su nan birjik. Ka ce ja, sun ragu. Ka ce ja mai ciki mai ƙaho ɗaya wadda aka haifa ranar Laraba, dillali zai ce maka ka gaida gida.

Kowane ɗalibi na shekarar ƙarshe yana rubuta kundin bincike, memuwar, ya aje shi a ofishin daraktan karatu, sannan a sa masa ranar da zai tsaya gaban alƙalai uku ya kare shi. Ba kariya, ba difilom. Daraktan karatunmu shi ne Dakta Sanusi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ban taɓa aiki da mutum mai ladabi kamarsa ba. In ya gaida mai gadi sai ya tambayi matarsa da ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da tunkiyar da ta yi ciwo bara. Mutum ne da ba ka iya yin fushi da shi a gabansa, sai ka koma gida ka huce a kan iyali.

Shekara uku kafin wannan Talatar, Dakta Sanusi ya fitar da sanarwar ofis aka manna a ƙofar kowane aji. Ta ce bincike na gaskiya shi ne wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Saboda haka duk ɗalibin da zai aje memuwar sai ya haɗa da takardar shaida daga ɗakin karatu, mai hatimi da sa hannu, tana nuna an nemi batunsa a baz an samu sifiri. In an samu ko da takarda ɗaya, wani ya riga shi, sai ya sake batu.

Ranar da na karanta ta sai da na zauna. Aikina duka shi ne in taimaki mutum ya samu, ga shi an ce in shaida bai samu ba. Ya kamata in tashi a ranar in je in gaya masa. Na sa hula ma, na kai bakin ƙofarsa, ya tare ni da fara'a ya tambayi ciwon gwiwar mahaifiyata, muka yi ta gaisawa har aka kira azahar, na fito ban ce komai ba. Washegari na buga fom ɗari biyu.

Ku yarda da ni, na ƙware. Ɗalibi zai zo da zazzaɓin cizon sauro a jikin yara, batun da takardunsa ko a raƙumi ba su ɗaukuwa. Sai in ce DA Zinder. Su zube, saura kaɗan. In ce DA unguwar Zango. In wata mai taurin kai ta rage, in ce DA ranar Alhamis. Akwai wani da muka yi ta fama, baz ta ƙi sauka daga biyu, na tambaye shi sunan kakarsa, muka sa, sai ga sifiri fes. Ya rungume ni. Ɗalibai suka riƙa tafi in sifiri ya fito, wasu har guɗa. Minti uku ya ishe ni kowane batu a duniya, kuma, Allah ya yafe mini, na fara jin daɗin abin.

Madam Rahila ba yarinya ba ce. Ungozoma ce da ta shekara goma sha bakwai a ɗakin haihuwa na Takieta, ƴar wani gidan Kirista na nan cikin gari da kusan dukansu malaman makaranta ne ko ma'aikatan likita. Da kyar ta samu izinin karatu na shekara biyu, ta bar yara huɗu wurin mijinta da ƙanwarta. Izinin yana ƙarewa da zaman kariya na watan Yuni, kuma a shekarunta ba za a sake ba ta wani ba. Ranar Juma'a da sha biyun rana ake rufe karɓar memuwar. In nata bai shiga ba, za ta koma Takieta a matsayin da ta baro, shekara biyun sun tafi a banza.

Batunta shi ne jinkirin da ake yi kafin a kawo mata masu zubar jini bayan haihuwa daga ƙauyukan Garagumsa zuwa Takieta. Tun shekarar farko ita kaɗai ce ta zauna ta saurari darasina na bincike har ƙarshe, tana rubutawa. Ta tara duk kalmomin da ke nufin zubar jini, na Faransanci da na Turanci, ta haɗa su da KO. Ta yi haka ga kalmomin jinkiri da na karkara. Sannan ta ɗaure ƙungiyoyin uku da DA, ta taƙaita shekaru, ta bi taƙaitattun bayanan ɗaya bayan ɗaya tana zubar da waɗanda ba su shafe ta ba. Waɗanda ta zaɓa ta duba jerin madogararsu a ƙarshe, ta samo wasu daga nan. Aiki mai kyau, har da kishi na ji. Ba ta taɓa zuwa neman takardar sifiri ba, tana tsammani in aka ga aikin za a wuce da shi. Sakatariyar Dakta ta dawo mata da dosiye, wato fayil ɗin takardunta, ranar Talata da safe.

"Mushe Tijjani," ta ce mini, wato Malam a bakin Faransanci, "sun ce wai takarda ɗaya ta rage, a wurinka ake karɓa."

"Zauna, Madam, ai wannan ba komai ba ne. Kafin ki sha ruwa an gama."

Na buɗe binciken nata, ɗari uku da goma sha biyu. Na ce DA Takieta, suka koma uku. Na ce DA amalanke. Sifiri. Na juya ina jiran tafi, sai na ga ta zuba wa allon ido kamar wadda aka yi wa sata.

"Ina suka tafi?"

"Su wa?"

"Mutum ɗari uku da goma sha biyun nan. Yanzu fa suna nan."

"Suna nan, Madam, ba su mutu ba. Mun dai rufe musu ƙofa ne har a buga hatimi."

Na cike fom ɗin na miƙa mata ta sa hannu. Ta karanta shi a hankali, abin da babu ɗalibin da ya taɓa yi. A ƙasa an rubuta cewa ɗalibi ya tabbatar babu wanda ya taɓa rubutu a kan wannan batu. Ta tambaye ni to babi na biyu na memuwar ɗinta fa, inda ta kawo abin da mutum arba'in da ɗaya suka rubuta? Na ce wannan sai a cire, don kada alƙalai su ga takarda ta ce babu, babi ya ce akwai. Haka kowa ke yi, in ma yana da babin.

"Mushe, a cikin takardun nan na ga yadda wasu ƙauyuka a wasu ƙasashe suke jera sunayen masu abin hawa, kowane dare da mai jiran kira. Na kai wa masu gari biyu a Garagumsa, mun rubuta masu amalanke da ƴan kabu-kabu masu babur da lambobin wayarsu, an manna a jikin bishiya. Ba ni na ƙirƙiro ba, a wurinsu na koya. Yanzu in sa hannu in ce babu su? In tsaya gaban juri, alƙalan nan uku, in ce babu, ranar Lahadi kuma in shiga majami'a da wane baki?"

Raina ya ɓaci, kuma na san dalilin ɓacinsa, shi ya sa ya ƙara ɓaci. Na ce mata gaskiyar nan tata ita za ta mayar da ita Takieta hannu Rabbana. Na ce ba ni na kafa doka ba, ni ɗan aike ne. Na ce ƴan ajinta talatin da takwas sun karɓa ba wanda ya mutu. Ta bar ni na gama, ta tura mini fom ɗin da yatsa ɗaya, ta je ta zauna a benci kusa da ƙofa da dosiye a cinya. Ta ce za ta jira in ba ta takardar da ke faɗin abin da muka gani. Har na rufe ɗakin da yamma tana nan. Laraba da safe na tarar da ita a bakin ƙofa ta riga ni zuwa, ta gaishe ni da ladabi, ta koma bencinta. Ni kuwa na kasa shan shayina. Ƙarfe goma na sa hula.

Dakta Sanusi ya tare ni da murna. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gwiwar tsohuwa, na ce ta rasu bara, ya yi ta'aziyya karo na uku. Na rasa ta inda zan fara, sai idona ya kai kan bango. Kusa da difilom ɗinsa akwai wata takarda cikin gilashi da ban taɓa kula da ita ba. Ya ga ina kallo, ya miƙe da fara'a ya ciro mini ita.

"Malam Tijjani, ai nan ne asalin abin. Shekara shida ke nan. Ka san aikina a kan cututtukan fata ne tsakanin majema, masu jimar fatu. Na zauna da kaina na tambayi baz, dubi amsar da ta ba ni. Duk duniya ni kaɗai."

Na karɓa na duba. A ƙasa ga sifiri. A sama, cikin akwatin da ake rubuta kalmomin nema, ga abin da ya rubuta, layi tara. Ya fara da sunan gari da kwanan wata. Sai sunansa da muƙaminsa. Sai "J'ai l'honneur", yana mai farin cikin zuwa da matuƙar girmamawa ya roƙi alfarmar mai girma shugaban baz da ya taimaka ya duba masa ko akwai wani rubutu a kan majema. Ya rufe da fatan samun amsa mai daɗi, da roƙon a karɓi gaisuwarsa mafi daraja. Cikakkiyar damandi, irin wadda muke rubutawa in muna neman hutu ko canjin wurin aiki. Baz kuwa ta yi abin da ta saba, ta sa DA tsakanin kowace kalma da ƴar'uwarta, ta nemi maƙalar da ke ɗauke da majema da alfarma da girmamawa da kwanan watan ranar duk a wuri ɗaya. Ta ce babu.

Na ciji leɓe har na ji gishirin jini, don kada dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, kalmomin ba su yi ɗan yawa ba?"

"Yawa? Malam Tijjani, wurin da manyan malaman duniya suke zaune zan shiga in jefa musu kalma biyu kamar ina kiran jaki? Ni ba haka aka rene ni ba."

To ku gaya mini, a garin nan, yaya ƙaramin ma'aikaci zai dubi darakta ya ce masa shekara shida yana rataye da kuskure a cikin gilashi? Ban iya ba. Abin da na iya shi ne aikin ofis, shi na ɗauko. Na gyara murya na ce damandin ta yi kyau ƙwarai, amma na hango matsala biyu. Ba ta da tambur, wato kan sarki. Sannan ba ta bi ta hannun da ya dace ba, don ƙa'ida ita ce takarda ta bi mataki-mataki, kuma matakin da ke tsakaninsa da baz shi ne mai ɗakin karatu. Wataƙila shi ya sa suka ba shi amsa a gajarce.

Fuskarsa ta canza. Na ce yau kam na kori kaina daga aiki. Sai ya dafa goshi.

"Subhanallahi. Ni da nake koya wa mutane bin ƙa'ida. Lalle sun ga rashin tarbiyyata."

Alhamis ƙarfe tara ya shigo ɗakin karatu da babbar riga, da sabuwar damandi rubutun hannu, da tambur a manne a kusurwa. Madam Rahila tana bencinta. Na karɓi takardar hannu biyu, na rubuta a gefe an gani an tura, na buga hatimi, na kifa ta kusa da na'ura. Sannan na rubuta kalmomin jima da majema na harshe biyu haɗe da KO, na yanke wutsiyoyinsu na sa tauraro don ta kawo duk yadda kalmar ta ƙare, na ɗaure su da kalmomin ciwon fata.

"Ina gaisuwar?" in ji Dakta, yana leƙowa ta kafaɗata.

"Ta riga ta tafi, ranka ya daɗe. Ita ake fara turawa, ta wata hanya daban."

Na danna. Ɗari da tamanin da shida.

Ya jawo kujera ya zauna ba tare da ya duba ko akwai ƙura ba. Ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa. Ya tambaya su waye waɗannan. Na ce masu bincike ne, daga Indiya, daga Habasha, daga Maroko, ko'ina ake jima. Ya tambaya tun yaushe suke rubutu. Na gangara ƙasa na nuna masa wasu da suka girme shi. Gumi ya keto masa a wuya. Lokacin ɗalibai sun fara taruwa a tagogi, don labari ba ya kwana a makarantar nan.

"Cire su," ya ce.

"Ranka ya daɗe?"

"Ba kai ne kake koyar da BANDA ba? Cire su. Waɗannan fatunsu daban, ruwansu daban, ba irin namu ba ne."

Na ce BANDA Indiya. Suka zube da yawa. BANDA Habasha. BANDA Maroko. Yana zaune yana kiran ƙasashe ina kora, kamar mai gadin ƙofar biki. Da ƙasashen da ya sani suka ƙare ya aika aka ɗauko taswira daga ajin farko. Muka kori Turkiyya, muka kori Masar, ya ce a kori Japan ko da ba ta ciki, don kada ta shigo daga baya. Muka koma tara. Muka yanke duk abin da ya wuce shekara goma, saura huɗu. Waɗannan da sunayen marubutansu muka bi su, ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibai a taga suna ƙirgawa da ƙarfi, sun saba da wasan. Uku. Biyu. Ɗaya.

Na karanta masa taken ta ƙarshen. Ya zabura har hularsa ta karkace.

"Wannan ɓarawo ne! Taken aikina ne kalma da kalma! Waye shi? Ɗan wace ƙasa ne?"

Na matsa kusa da allo, na karanta sunan a zuci, na sake karantawa. Wata ƴar maƙala ce mai shafi biyar da ya taɓa aika wa wata ƙaramar mujalla ta yankinmu, shi kansa ya ɗauka ta mutu a can.

"Ɗan nan garin ne, ranka ya daɗe. Kai ne. Mutum ɗaya ya rage tsakaninmu da sifiri. In rubuta BANDA Sanusi?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya sa yatsa a kan sunansa a jikin gilashin allon, ya bar shi a wurin.

"Tun yaushe nake ciki?"

Na duba. "Shekara biyar."

"Ba wanda ya gaya mini."

Na nuna masa wata ƴar lamba a ƙarƙashin taken, na ce wannan tana nufin mutum biyu sun karanta aikinsa har sun ambace shi a nasu. Muka buɗe. Ɗaya daga cikinsu ƴar Habasha ce, wadda muka kora tun da farko. Na ga idon Dakta ya kawo ruwa, sai na shiga gyaran wayar na'ura da ba abin da ya same ta.

"Maido su, Malam Tijjani."

"Su wa, ranka ya daɗe?"

"Duka. Har Japan."

Na goge duk BANDA ɗin, ɗari da tamanin da shida suka dawo, shi yana wajen na sittin. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ɗan rusuna wa allon ya ce a yi haƙuri, an yi rashin sani. Ba wanda ya yi dariya, don ba da wasa ya yi ba.

A nan Madam Rahila ta taso daga bencinta, ta aje dosiye a gabansa ta gaishe shi. Ta ce ita ce wadda aka dawo wa da memuwar saboda ba ta da sifiri. Ya tambaye ta nawa ta samu.

"Ɗari uku da goma sha biyu, Dakta. Na tace suka koma arba'in da ɗaya, na karanta su duka."

"Ashe kin fi ni jama'a," ya ce. Ya nemi biro, ya sa wa dosiyen hannu a nan kan teburina, ya kuma tambayi lafiyar yaranta huɗu da sunayensu.

Kada ku ɗauka na huta. Kafin la'asar sabuwar sanarwa ta hau ƙofofi: sifiri alama ce ta lalaci, duk memuwar da ke ɗauke da shi a dawo da shi. Talatin da takwas suka cika mini ɗaki, kowa da takarda mai hatimina yana kaɗa mini ita a fuska. Wanda muka sa sunan kakarsa shi ya fi kowa ihu. "Baba, kai fa ka ba mu shi! Har tafi muka yi maka!" Dakta ya ƙara musu wata ɗaya, muka yi ta zama uku-uku a gaban na'ura ina koyar da darasin da ya kamata in tilasta musu ji tun farko. Wasu sun kai ga zaman Yuni, wasu sai na Oktoba, kuma akwai iyayen da har yau in mun haɗu a kasuwa amsa gaisuwata suke da hanci.

Madam Rahila ta kare nata a makon biyu na Yuni, ta ci da yabo. Bayan an tashi ta shigo ɗakin karatu da mijinta da yaran. Na gyara zama ina jiran godiya, don a raina na riga na ba kaina lambar yabo. Ta yi godiyar, a taƙaice. Sannan ta dubi kantar da nake aje kwafin fom ɗin da na cike.

"Mushe Tijjani, shekara uku kana ba da takardar nan. Waɗanda suka karɓa a baya, suna ina yanzu?"

Na san inda suke. Suna aiki a ƙananan gidajen likita na ƙauye, a Damagaram Takaya da bayanta, wasu su kaɗai ne ma'aikatan lafiya a tafiyar yini guda. Kowannensu ya zaɓi batunsa ne don abin ya dame shi, ciwon da ya ga yana kwashe mutane a garinsu. Kowannensu kuma ya fita daga ɗakin nan da shaida mai hatimina cewa duk duniya ba wanda ya san komai a kansa, saboda haka ba sai ya nema ba. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba.

"In kana da lambobinsu," ta ce, "ba ni na wajen Takieta, ni zan kira su."

Daga makon na sauko da kwafin, ɗari da goma sha huɗu. Nakan ɗauki batu ɗaya, in sake nemansa yadda ya kamata, in zaɓi biyar ko shida mafi amfani, in kira mai shi in ba shi haƙuri in tura masa ta waya. Wasu sun yi dariya. Wata ta ce mini, "Baba, da na sani bara," ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ɗalibi ya zo muku baki har kunne ya ce ya nema bai samu komai ba, kada ku taya shi murna. Ku jawo kujera ku ce ya nuna muku abin da ya rubuta a akwatin, kalma da kalma, ko da darakta ne. Mutanenmu ba mugunta ke sa su ɓata bincike ba, ladabi ne da kunyar manya, kuma ni na fi kowa laifi don ni ne na sani na yi shiru. Hatimin da ke aljihun teburinku kuwa yana tafiya inda ƙafarku ba za ta taɓa zuwa ba.

Saura mutum goma sha ɗaya ban samu ba, lambobinsu ba sa shiga. Na manna sunayensu a bayan ƙofa. In kun san inda wani yake, ku gaya mini kafin in aje aiki.